Ajin da Awaki Suka Cinye

Lawali, na ji abin da ka ce tun ina jingine moto, ɗan babur ɗin nan nawa. Wai an ba ka darekta, daga yau kai da alli sai gaisuwa, aikinka kujera da hatimi. Abokanka kuma sai zuga ka suke yi. To, madalla. Ku matsa in zauna, a zuba mini shayin nan na farko, mai ɗacin. Na yi darektan lakwal, makarantar firamare, a ƙasar Madarumfa har kaina ya yi fari, kuma kujerar da kake magana ban taɓa zama a kanta har ta yi ɗumi ba. Alli ma ba ka rabu da shi ba. A lakwal ɗin ƙauye darekta yana da ajinsa, in wani malami ya yi ciwo ya haɗa biyu.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai jantar mota, ƙarfen cikin taya, ita ce ƙararrawa, da ake ratayewa a reshen bedi, wato dogon yaro, da guntun ƙarfen da ake buga ta da shi. Ƙarfen nan ka riƙa tafiya da shi gida, in ba haka ba wata rana za ka gan shi a maƙera ya zama lauje. Akwai tuta, wadda rana ke cinye launinta tun kafin a tuna a aiko wata. Akwai hatimi, wanda sai ka yi masa huci kafin ya kama takarda. Akwai alli, shi kuma ka karya shi biyu kafin ka raba, don malamin da aka ba alli cikakke yakan ɗauka gwamnati ta yi arziki. Sai wuƙa, igiyar kaba da dagi. Waɗannan ukun ba a ambace su a makarantar horon malamai ba, amma su suka fi cin tafin hannuna.

Wanda ya koya mini aikin Mushe Bulus ne, wato Malam Bulus, wani Kirista ɗan Maradi, darektan wata lakwal ta wajen Gabi inda aka fara tura ni. Dogo ne siriri, dariyarsa sai an yi sa'a. Ranar da na sauka ina taƙama da takardata, ko kallonta bai yi ba. Ya miƙo mini dagi ya ce in haƙa ramukan gwafa, don ajin kara da zan koyar a ciki ba a kafa shi ba tukuna.

Na ce, "Mushe, ni fa koyarwa aka turo ni."

Ya ce, "To, koyar mana. Ga fili, ga rana."

Na karɓi dagi.

Ina haƙa, yana tsaye a kaina yana faɗa mini yadda aka raba lakwal kamar naman watanda. Yamai ke da tsari, su ke cewa me za a koyar, yaushe za a buɗe, yaushe za a rufe. Maradi ke karɓar malamai ta rarraba wa sassa. Isfekta na Madarumfa shi ke da ƙafar malami, ya ce je ka can, ya ce dawo nan. A ƙarƙashinsa akwai mai ba da shawara, wanda zai zo a moto ya zauna a bayan aji yana murmushi yana rubuta laifinka. Magajin gari shi ke da gini, in akwai ginin. Kwamitin iyaye su ke da kara da igiya. Maigari kuwa shi ke da yaran, don in bai ce a kawo su ba, sai dai ka koyar da ƙadangaru.

Na share gumi na ce, "Darekta fa, me gare shi?"

Ya nuna mini janta.

A wurinsa na koyi sauran. Ƙofar aji kada ta kalli gabas, rana za ta hana yara ganin allo. Ranar kasuwa ka buga janta ka koyar da wanda ya zo, kada ka ɓata ranka. Ka gaida maigari kafin ka gaida isfekta, don isfekta wucewa yake, maigari kuwa a garinsa za ka kwana. In uba ya zo janye ɗansa za su tafi ci-rani Najeriya, kada ka tsaya karanta masa doka. Ka bi shi gida, ka ci tuwonsa, ka yi maganar bayan an wanke hannu. Batun kara kuma ya maimaita mini har na gaji: sabon kara sai an tsige ganyensa tas kafin a ɗaura, don akuya ba ta san kayan gwamnati ba.

Shekarar da nake son ku ji labarinta ina darekta ne a wani ƙauye na ƙasar Safo. Ba zan faɗi sunansa ba, har yau ina cin goronsu. Lakwal ce ƙarama, ba kowace shekara muke ɗaukar sababbin yara ba, sai an tsallake ɗaya, wannan ma sai in an samu malami. Shekarar da ba a samu ba, yaran da lokacinsu ya yi sun tafi ke nan, don kafin a zagayo sun wuce shekarun shiga. Na yi ta sintiri buron isfekta, wato ofishinsa, har mai gadi ya daina tambayata wurin wa na zo. Daga ƙarshe aka ba ni Madan Rahila, sabuwar ƴar kwantaragi, ƴar gidan masu bin majami'a a Maradi. A amalanke ta iso, da katifa da bokiti da risho.

Isfekta ya ce mini a gabanta, "Darekta, aro na ba ka. Akwai garuruwan da ke da aji babu malami. In na zagayo na tarar tana koyarwa a gindin itace, zan sa ta a mota." Bai faɗi ranar zagayowar ba, kuma ba a tambayar isfekta wannan.

Ɗaukar yara shi ma aiki ne. Takardar haihuwa ba kowa ke da ita ba, saboda haka yaro zai ɗora hannu ta bisa kansa ya taɓo kunnen ɗaya gefen. In ya taɓa ya isa, in bai taɓa ba ya koma gida. A layin nan na san ko wace ce Barira. Mai ƙosai ce a bakin lakwal, ita ce kuma shugabar iyaye mata, mace gajeriya mai murya. Manyan ƴaƴanta duk lokacinsu ya faɗo a shekarun da babu malami, ko ɗaya bai shiga aji ba. Autarta Sa'a ce ta rage. Da yarinyar ta ɗora hannu, yatsa ya kusa bai kai ba, sai Barira ta kama gwiwar hannun ta ja har yarinya ta yi ƙara.

Ta ce, "Ya taɓa, Mushe. Ko kai ma in ja naka ka gani?"

Na rubuta sunan Sa'a. Tun daga ranar Barira ta daina ce mini ina kwana. Kullum da safe gaisuwarta ɗaya ce: "Mushe, ina aji?"

Ajin kuwa babu, don a shekarar ruwa ya ɗauke hatsi yana fid da kai. Kara ya tsaya iya ƙugu. Ɗan abin da aka samu kowa ya ɗaure ya ɗora a kan itace saboda dabbobinsa, don shi ne abincinsu har wata damina. Madan Rahila tana koyarwa a gindin bedi, tana bin inuwa da allo a hannu. Duk ƙarar motar da aka ji daga nesa sai in fito in leƙa hanya.

Na hau moto na bi matakalar da Mushe Bulus ya karanta mini. Isfekta ya ce, "Ni malamai ne a hannuna, Darekta. Gini sai magajin gari." A buron magajin gari magatakarda ya ce su ajin siminti suke yi, na bana kuma an riga an raba, kara aikin iyaye ne. Na ƙi haƙura na wuce har Maradi. Wani mutumin kirki ya zaunar da ni a ɗaki mai sanyi, ya ba ni ruwa, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce irin wannan magana sai ta biyo ta hannun isfektana. Na dawo inda na tashi, gindin itacen ƙofar gidan Alhaji Nomao, shugaban kwamitin iyaye. An zaɓe shi ne don ya fi kowa awaki, kuma in ya yi magana ana ji har bayan gari.

Alhaji bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya kira gayya, kowane gida dami ɗaya. Aka kawo, amma wane dami. Wani in ka gani sai ka ce tsintsiya. Wasu kuma suka cika da karan dawa, mai zaƙin nan. Muka kafa gwafanni, muka ɗora azara, na zaro wuƙa zan fara tsige ganye, sai Alhaji ya riƙe mini hannu.

Ya ce, "Mushe, in ka tsige ganyen nan me zai rage? Aji za mu yi ko rariya?"

Gaskiyarsa ce, ganyen ne ke toshe ɓulolin. Na ce, "Alhaji, awaki fa?"

Ya ce, "Awaki suna turke. Ba a sakinsu sai maigari ya sa an yi shela, maigari kuwa surukina ne. Ɗaura kawai."

Muka ɗaura da ganyensa. Wallahi aji ya yi kyau, ga kauri, ga sanyi, ga ƙamshin sabon kara. Madan ta shiga ta rataye allo, yara suka zauna a tabarmi, Sa'a a layin gaba. Ranar Barira ta ba ni ƙosai ba ta tambaye ni komai ba.

Asabar ta zo aka kira mu taron darektoci a nan Madarumfa. Abin da aka tattauna shi ne kula da kayan gwamnati, har ni ma na tashi na yi bayani aka tafa mini. Ina can ina bayani, maigari ya duba ya ga gonaki babu abin da ya rage a ciki, dabbobi sai kuka suke a turke, sai ya sa aka yi shelar saki. Bai tambayi surukinsa ba. Me zai sa ya tambaya? Sakin dabbobi ba ya hannun kwamitin lakwal. In ka duba da kyau babu wanda ya yi laifi, kowa a cikin huruminsa ya tsaya.

Na dawo Lahadi da la'asar. Tun daga nesa na hango gari ta cikin ajina. Gwafanni na tsaye, rufin sama na nan, amma daga ƙasa har inda bakin akuya ke kaiwa in ta miƙe a ƙafar baya, babu ko sili. Abin da ya fi ƙarfin awaki jakuna sun taimaka. Babban allon ma sun lashe shi, darasin Juma'a ya tafi. A tsakiyar aji, daidai wurin zaman Sa'a, wata jar akuyar Alhaji na kwance tana tuƙa, ko tashi ba ta yi don ganina ba. Na leƙa ɗakin Madan na tarar har ta naɗe katifa.

Ta ce, "Darekta, gara in shirya da kaina da a ce ina haɗa kaya mota na jira."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ɗauki ƙarfen janta na nufi akuyar, sai na tuna ta shugaban kwamiti ce.

Washegari mai ba da shawara ya biyo a moto, ya tsaya ya kalli abin da ya rage, ya yi salati. Ya ce isfekta ya fara zagaye, yana garuruwan da ke kusa, kuma da motar nan mai buɗaɗɗen baya ya fito.

Aka taru a ƙofar maigari. Alhaji ya ce laifin shela ne. Maigari ya ce shi lakwal ba ta hannunsa. Wani ya ce a rubuta wa Maradi, na ce masa na san ɗakin, ruwansu da sanyi. Aka zo batun sake kawo kara, kowa ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsu ba. Karan da ya rage a kan itatuwa ran dabbobinsu ne, ba a roƙon mutum wannan sau biyu. Muna zaune sai muka ji ana jan abu a ƙasa. Barira ce. Ba a kira mata taron ba, ba ta kuma zo zama ba. Ta ratsa tsakiyar maza tana jan ɓangaren darnin gidanta, tsohon kara wanda ruwa ya doka rana ta gasa har ya yi toka-toka. Muka waiga, ga gidanta a buɗe, daga hanya kana ganin murhu da turmi har da randa.

Alhaji taubashinta ne, shi ya sami bakin magana. Ya ce, "Ke Barira, lafiyarki kuwa? Kin bar gida a buɗe kowa na kallon tukunyarki."

Ba ta ko tsaya ba, ta ce, "Su kalla, bana babu komai a ciki. Kai dai je ka ɗaure ɗalibanka masu gemu. Sun gama aji ɗaya a zama guda, sai a kai su kwaleji."

Mutane suka kwashe da dariya, har maigari sai da ya rufe baki da hannun riga. Tsohon darni kuwa kowa ya san awaki na wuce shi kullum ba sa ko shinshinawa. Babu wanda bai san wannan ba, sai dai babu wanda ya yi tunanin yaye suturar gidansa. Da dariya ta lafa maigari ya yanke: duk mai akuya ya ciro daga darninsa, kowa gwargwadon garkensa. Barira ba ta da ko ɗan akuya, amma nata ya riga ya isa lakwal.

Ku da kuka saba da ajin siminti ba ku san ɗinkin tsohon darni ba. Yana karyewa in ka matsa, yana zamewa in ka sassauta. Sai ka jiƙa igiyar kaba, ka haɗa baki da baki, ka sa sanda a gicciye ta riƙe su. Wannan dogo, wancan gajere, wani da tabon hayaƙi, wani da tsumman da aka toshe ɓula tun bara. Madan Rahila ta ɗaure ɗankwali a ƙugu tana miƙo igiya, hannunta duk sartse. Gidan Alhaji ya fi kowanne yayewa, sai da ya koma yin wanka a gidan ƙanensa. Mata kuma suka ce ba za su yarda da akuya ba ko ta rantse. Suka dama kashin awaki da ruwa a cikin kwatanniya suka yayyafe ƙasan darnin kaf, don dabba ba ta cin abin da ke warin kashinta. Da rana ta buga shi, kai, ba a magana.

Muna ɗaure ɓangaren ƙarshe da hantsi mota ta shigo gari. Hanyar lakwal ta tsakiyar gari take, saboda haka isfekta ya wuce gidaje suna buɗe dama da hagu, mata na daka suna kallonsa yana kallonsu. Motar na tsayawa direba ya sauka ya buɗe murfin baya, don ya san abin da aka zo yi.

Isfekta ya nufi aji. A bakin ƙofa ya ci birki, ya zaro hankici ya ɗora a hanci. Yara suka miƙe suka gaishe shi da Faransancin da bai wuce kwana kaɗan a bakinsu ba, muryar Sa'a ta fi ta kowa. Madan na tsaye da rabin alli a hannu. Ya dubi rufi, ya dubi facin darni, ya juyo gare ni.

Ta cikin hankici ya ce, "Darekta, wa ya ba da izinin wannan gini?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na nemi mai izinin har Maradi ban same shi ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce akwai wani gari da ke da aji na siminti da tebura, a rufe, yara na zaune a gida. Ya ce in faɗa masa dalilin da zai sa ya bar malama a cikin wannan wari. Ina lalubar amsa sai ga Barira ta ɓullo ta bayan aji, tana jan jar akuyar nan da igiya, akuya na turjewa. Alhaji na biye da ita yana faɗin a yi a hankali, akuyar tana da ciki.

Barira ta durƙusa ta gaida isfekta, ta ce, "Mushe babba, an ce ka zo da mota ɗaukar kayan gwamnati. To, ajinku na farko yana cikin wannan. Ka tafi da ita. Madan kuwa ka bar mana, mun riga mun rushe gidajenmu a kanta."

Isfekta ya kalli akuya, ya kalli motarsa, ya ɗaga kai ya bi gari da kallo, gida bayan gida, kowanne da giɓinsa. Can ya sauke hankicin.

Ya ce, "Inna, ni malamai ne a hannuna. Akuya sai ma'aikatar kiwo."

Ya ce wa direba ya rufe bayan mota. Ko ruwan da aka kawo masa bai tsaya sha ba, kuma ban ga laifinsa ba, don iska ta juyo. Mota ta fita gari babu kowa a baya. Madan Rahila ta juya ga allo ta ci gaba daga inda ta tsaya, da yamma na ga katifarta a shanye a rana. Alhaji ya karɓi akuyarsa yana shafa ta, Barira ta ce ya dawo mata da igiya.

A ajin nan aka ƙare shekara, da warinsa da komai. Sa'a ta yi karatunta har ta gama aji shida a lakwal ɗin. Da kaka ta zagayo aka sami kara, kowa ya toshe darninsa, ban da Barira. Ta gyara ko'ina ta bar wannan giɓin, wai ta nan take ganin ko malamai sun makara.

Lawali, garin da aka ba ka ta can hanyarsa ta bi. Hatimin ka jefa a aljihu, ba ya da nauyi, ka nemi dagi mai kyau ka ɗaure a bayan moto. In ka iso ƙauyen za ka ga gida a bakin lakwal, darninsa da giɓi, wata tsohuwa na suyar ƙosai a ciki. Ka tsaya ka gaishe ta, ka ce kai ne sabon darektan garin gaba. Ba za ta ce maka sannu da zuwa ba. Za ta tambaye ka ina aji, ka tanadi abin da za ka ce mata.